Iri ɗaya, amfani biyu: abin da ke sa tattasai ya yi girma ko ya tsumbure

Ƴan uwa manoma da ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci, darasinmu na wannan fitowa a kan tattasai ne, tare da ƴan uwansa tonka da attarugu. Abin da ya jawo shi kuwa wata gardama ce da na tarar a wata cibiya ta gundumar Gazawa, ranar da na je duba aikin malaminta.

Ɗalibai biyu ne, wa da ƙane, garakensu na maƙwabtaka, darni kawai ya raba su. Irin tattasai ɗaya suka saya wurin mutum ɗaya, suka raba shi a tafin hannu. Wan ya yi ta tsinkar ƴaƴa manya masu kauri, har ya biya bukatunsa. Ƙanen kuwa, shukarsa ta yi kore shar, ta yi tsawo, amma furen sai zuba yake yi, ɗan abin da ya kama ma bai wuce babban yatsa ba. Ga bashin man injin ban ruwa a kansa, ga na taki, duka ya yi alkawarin biya idan ya sayar da amfani. Ya tsaya kai da fata a kan mai iri ne ya cuce shi. Aka ce da shi: “Ai irinka ɗaya da na wanka.” Ya ce: “To, sai dai idan baki aka yi mini.”

Na roƙi kowannensu ya faɗi ranar da ya zuba iri. Wan ya buɗe littafinsa na cibiya, ya karanta mana da kansa: farkon watan Satumba. Ƙanen bai rubuta ba, amma ya tuna sai da ya gama ɗaurin hatsi da roron wake, ya ga kome ya shiga rumbu, sannan ya waiwayi garka. Muka ƙirga, muka ga cikin Disamba ke nan. Wata uku ne tsakaninsu, kuma a cikin watannin nan uku amfanin ƙanen ya salwanta, tun kafin ya dasa ko ƙafa ɗaya.

Zafi da fure

Tattasai da tonka da attarugu ba ƴan asalin ƙasarmu ba ne. Daga nahiyar Amurka suka fito, wajen Mekziko da ƙasashen da ke kudu da ita, kuma sai bayan shekarar 1492 jiragen ruwan Turawa suka bazu da su cikin duniya har suka iso Afirka. Tsiro ne mai son ɗumi, amma ba ya son ƙuna. Inda ya fi jin daɗi shi ne zafin rana ya tsaya tsakanin digiri 21 da 30 a ma'aunin zafi. Idan ya haura 32, ya doshi 35, sai fure ya fara wahala.

Ga yadda abin yake. A cikin kowane fure akwai wani gari mai laushi, kamar wanda muke gani yana tashi daga kan hatsi lokacin da ya yi bununi. Sai garin nan ya sauka a kan tsakiyar furen sannan ɗa ya ƙullu. Zafi mai tsanani da busasshiyar iska suna kashe garin tun bai yi aikinsa ba. Furen da bai ƙullu ba, sai ya yi rawaya ya faɗi. Wanda ya ƙullu rabi da rabi kuwa, sai ya ba da ɗa mai ƴan ƙwayoyi kaɗan a ciki, ƙarami, wani lokaci a karkace. Ku gwada da kanku: ku tsaga babban tattasai da ƙaramin da suka fito daga uwa ɗaya, ku dubi yawan ƙwayoyin kowanne. Galibi za ku tarar babban ya fi cika.

To, yanzu mu dubi shekararmu ta jahar Maraɗi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu rana tana da sauƙi. Daga Maris zafi ke hawa, a Afrilu da Mayu kuwa ya kan kai digiri 40, har ya wuce. Saboda haka manomin tattasai da baya da baya ya kamata ya yi lissafinsa: ya fara daga watan da yake son shukarsa ta yi fure, ya komo zuwa ranar zuba iri. Iri yana yin kwana 35 zuwa 45 a wurin reno. Bayan dashe, ana ganin fure cikin kamar kwana 40, tsinkar fari kuma tana zuwa bayan wata biyu ko biyu da rabi. Wanda ya zuba iri a farkon Satumba zai yi dashe a tsakiyar Oktoba, furensa ya buɗe a ƙarshen Nuwamba, ya yi ta tsinka tun daga ƙarshen Disamba, zafi bai zo ba sai ya ci moriyar shukarsa. Wanda ya zuba a Disamba, sanyin dare zai jinkirta masa tsiron, domin idan dare ya sauka ƙasa da digiri 15 tattasai kusan tsayawa yake yi. Dashensa sai ƙarshen Janairu, furensa sai Maris. Ya kai fure bakin wuta ke nan da hannunsa.

Manoman jahar Difa, waɗanda jan tattasansu na bakin Komadugu ya yi suna har cikin Najeriya, tun cikin damina suke renon irinsu, su tsinke amfaninsu cikin sanyi. Ba wani asiri gare su da ya fi wannan ba.

Na san abin da za a ce mini, an kuma sha faɗa mini shi a Agye da Gidan Runji: Satumba da Oktoba lokacin kaka ne, hannu bai isa ba, wa zai bar hatsinsa a gona ya tafi renon tattasai? Gaskiya ne, ba na musunta ta. Amma wurin reno ba gona ba ne. Fangali ɗaya mai faɗin mita 1 da tsawon mita 2 ko 3 ya ishi garka mai matsakaicin girma, ana kuma iya yin sa a bayan gida, inda uwargida ko yaro zai riƙa ba shi ruwa safe da maraice. A ɗaga fangalin sama da ƙasa kamar tsawon tafin hannu saboda ruwan ƙarshen damina kada ya kwanta masa, a yi masa ƴar rumfa ta kara, a kuma rufe shi da tsohon gidan sauro wanda aka daina kwana a ciki, don tsare shi daga ƙananan ƙwari masu kawo cutar nannaɗewar ganye. Na ce tsoho, kada wani ya cire na yara ya ce malami ne ya sa shi.

Wanda lokaci ya riga ya ƙure masa, gara ya sa tonka maimakon tattasai. Ƙaramar tonka ta fi jure zafi, shi ya sa ma ake ganin ta a gonakin damina ba tare da ban ruwa ba. Attarugu kuwa ya fi son iska mai laima, yana kuma daɗewa kafin ya ba da amfani, busasshen zafin bazara yana zubar masa da fure ƙwarai.

Ruwa: ba yawansa ba, daidaitonsa

Yawancin saiwoyin tattasai ba su wuce zurfin kamu ɗaya ba. Ba ya iya bin ruwa can ƙasa kamar yadda itace ke yi, abin da ke saman ƙasa shi ne abincinsa. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ƙiyasta cewa daga dashe zuwa ƙarshen tsinka tattasai yana bukatar milimita 600 zuwa 900 na ruwa. Ma'anarsa lita 600 zuwa 900 ga kowane fili mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi. Idan shuka ta girma, garka mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi tana shan kusan lita 600 a yini lokacin sanyi, wato tano uku masu cin lita 200. Da bazara abin ya fi haka. Wannan ma wata hasara ce ta mai jinkiri: man da zai ƙona ya fi yawa, amfanin da zai tsinka ya fi kaɗan.

Kuskuren da na fi gani shi ne na mai injin da ke jiran sai ya sami kuɗin mai. Ya bar garka kwana biyar ko shida har ganye ya yi laushi, ranar da ya samu kuma ya cika fangali maƙil har ruwa ya kwana. Ƙishirwar tana zubar da fure, ambaliyar tana shaƙe saiwa, domin saiwa ma numfashi take yi. Tattasan da ruwa ya kwanta masa kwana ɗaya ko biyu ya kan yanƙwane kamar mai jin ƙishirwa, mai garka ya ƙara masa ruwa, ya ƙarasa shi.

Akwai wata alama da ya kamata kowa ya gane. Wani lokaci za ku ga gindin ɗan tattasai, can ƙasa inda furen ya faɗi, ya yi baƙin tabo ya lotsa. Mutane da yawa suna ɗauka ƙwaro ne, su sayo magani su fesa. Ba ƙwaro ba ne. Wani sinadari ne da ake kira kalsiyom bai isa ga ɗan ba, shi kuwa ruwa ne ke ɗauke da shi daga ƙasa zuwa sama. Idan ruwa ya yanke lokacin da ɗan ke girma, sai sinadarin ya yanke. Maganinsa ban ruwa a kan kari, ba feshi ba.

Kuma ƙasa ita ke faɗin yadda za a ba ta ruwa. Jigawa, wadda ta fi yawa a gundumar Agye, ba ta riƙe ruwa: kaɗan-kaɗan take so, kullum ko bayan kwana ɗaya. Lakar fadama irin ta Gulbin Maraɗi, wajen Tibiri da Gidan Runji, tana riƙewa: a ba ta ta ƙoshi, a dakata kwana biyu ko uku, kuma a dasa a kan kunya don kada gindin shuka ya zauna cikin ruwa. Geza mai tauri sai an fasa ta sosai an cuɗa ta da taki, in ba haka ba saiwa ba ta ratsa ta. Kafin ka tada inji, tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In ka ji danshi, bari sai gobe. Shimfiɗa ciyawa busasshiya ko ɓawon gyaɗa a gindin shuka yana rage ƙafewar ruwa, yana kuma sanyaya ƙasa, sai dai a riƙa ɗagawa ana duba gara.

Taki

Ƙanen nan da na ba ku labari, da ya ga fure na zuba, sai ya ƙara ure. Shi ya sa garkarsa ta fi ta kowa kyan gani daga nesa. Ure abincin ganye ne. Idan ya yi yawa, shuka sai ta yi ta tsawo da reshe, ta yi jinkirin fure, ganyenta masu taushi kuma su jawo darɓa. Tushen abincin tattasai takin gargajiya ne wanda ya ruɓe sarai, kilo 2 zuwa 3 ga kowane fili mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi. Ga garkarmu ta mita 10 da 10, kilo 200 zuwa 300 ke nan, a cuɗa shi da ƙasa kafin dashe. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona saiwa, yana kuma zuwa da irin ciyawa. Takin zamani mai lamba 15-15-15 ya fi dacewa da tattasai bisa ga ure shi kaɗai, domin yana ɗauke da abincin saiwa da na ƴaƴa. A raba shi kashi-kashi, a sa shi nesa kaɗan da gindi, a rufe, a ba da ruwa. Adadin da ya dace da ƙasarku, malamin gona na gundumarku ya fi ni sani, ku tambaye shi.

Tazara, da ɗan lissafi

Ga aikin allo. Garka mai mita 10 da mita 10, idan aka bar santimita 50 tsakanin layi da layi, da santimita 50 tsakanin ƙafa da ƙafa, za ta ɗauki layi 20, kowane layi ƙafa 20. 20 sau 20 ya ba da 400. Wani zai ce bari ya rage tazarar zuwa santimita 25 don ya ninka amfaninsa. Layi 40 sau ƙafa 40, ya sami 1600. Amma ruwan bai ƙaru ba, takin bai ƙaru ba, hasken rana ma haka. Tuwon mutum ɗaya ne aka ajiye wa mutum huɗu. Shukar za ta miƙe siririya tana neman haske, ƴaƴan su fito ƙanana masu sirantaccen ɓawo, iska ba ta ratsawa, cuta kuma ta yi ta tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Mai saye a kasuwar Caduwa ko ta Maraɗi girma yake dubawa kafin ya yi tayi.

Tazarar da ta wuce kima ita ma tana da nata aibi. Ganye shi ne inuwar ƴaƴa, inda ya yi ƙaranci rana ta kan ƙone gefen tattasai ya yi fari kamar takarda. Iskar hunturu kuma tana kakkaɓe fure. Darnin kara ta gabas da arewa, ko layin masara ko na zogale a gefen garka, yana karya ƙarfinta.

Wurin dashe, a zaɓi tsiro mai ganye 5 ko 6, mai kaurin jiki, a cire shi da ƙasarsa, a dasa da maraice. Tsiron da ya tsufa a wurin reno har ya fara fure ba ya yin girman kirki bayan dashe. Idan ƙaramar shuka ta fito da furen fari tun ba ta yi reshe ba, a tsinke shi, ko da yake na san hannu ba ya son yi. Ɗan fari guda ɗaya ya kan tsotse ƙarfin da za ta yi rassa da shi.

Ƙasar da ta gaji

Akwai garaken da an kiyaye duk abin da muka faɗa, amma shuka ta ƙi girma, ta yi rawaya, da rana ta yi laushi ko da ƙasa na da danshi. A tumɓuke ƙafa ɗaya a wanke saiwarta. Idan aka ga ƙulle-ƙulle a jikinta kamar ƴaƴan carbi, to, wata tsutsa ce ƙarama wadda ido ba ya gani, mai zama cikin ƙasa, ta fi kuma son rairayi. Tana toshe hanyar ruwa da abinci. Abin da ke yawaita ta shi ne maimaita dangi ɗaya a wuri ɗaya. Tattasai da tonka da tumatir da yalo da dankalin Turawa da taba duk gida ɗaya ne, kuɓewa ma tana ciyar da tsutsar. Wanda ya cire tumatir ya sa tattasai bai sauya kome ba. A huta da su shekara biyu ko uku a wannan wuri, a sa albasa ko tafarnuwa ko masara ko dawa, a tone saiwoyin da suka kamu a ƙone su, a kuma juya ƙasa ta sha ranar bazara.

Game da shukar da ganyenta ya nannaɗe ya yi dabbare-dabbare, ba ta da magani. Darɓa da farin ƙuda ke ɗaukar cutar daga marar lafiya zuwa mai lafiya. A cire ta da wuri, a fitar da ita daga garka. Ruwan dakakkun ƴaƴan dogon yaro da aka jiƙa ya kwana, aka tace, aka sa masa ɗan sabulu, yana rage ƙwarin idan ana fesawa da maraice a kai a kai, har ƙarƙashin ganye.

Kada mu wanke iri gaba ɗaya. Manoma da yawa suna sayar da manyan ƴaƴan farko, su ajiye ragowar ƙarshe su ce iri ne. Iri daga uwa mafi lafiya ake ɗaukar sa, daga ƴaƴan da suka nuna suka yi ja a jikinta. Idan tattasai da tonka suna kusa da juna, zuma tana iya gauraya su, baɗi a ga tattasai ya fito ƙarami da yaji. Irin kanti mai alamar F1 a jikin takardarsa kuwa yana da kyau a shukar farko, amma ƴaƴansa ba sa maimaita halin uwarsu, kada a ajiye shi.

Daga garka zuwa tukunya

Ɗanyen tattasai yana da bitamin C mai yawa, jan kuma yana ƙara da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon ido. Don haka kada a kai duka kasuwa, a bar na miyar gida. Amma amfanin yana komawa cuta idan aka yi feshi yau aka tsinka gobe. Kowane maganin ƙwari na gaskiya yana da adadin kwanakin jira a rubuce a jikinsa. Ga inda karatunku zai yi muku rana: ku karanta, ko ku kai wa wanda zai karanta muku. Maganin da ba shi da takarda, da wanda aka yi don auduga, kada su kusanci abin da za a ci. Wurin shanya kuma a shimfiɗa tabarma ko leda mai tsabta, kada a zuba a ƙasa, kuma kada a ɗura a buhu sai ya bushe ƙayau. Tattasan da ya yi fumfuna yana iya ɗaukar dafin da ke lalata hanta, daka ba ta kashe shi, dahuwa ma haka.

Aikin cibiya

Malamai, ga abin da nake so a yi kafin zagayena na gaba. Kowane ɗalibi mai garka ya ware shafi ɗaya a littafinsa, ya ja layi huɗu: ranar zuba iri, ranar dashe, ranar da ya ga furen fari, da ranar kowace tsinka tare da yawan tiya ko buhun da ya samu. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna, ya rubuta lambobin kawai, ɗan uwansa ya cika masa sauran. A ƙarshen rani za mu jera littattafan cibiyoyin Agye da Gazawa da Gidan Runji, mu gwada su da juna.

Shi ƙanen ya karɓi wannan aiki. Ya ce zai raba irinsa biyu, rabi ya zuba a Satumba tare da wansa, rabi kuma a Disamba kamar yadda ya saba, domin har yanzu bai gama sakin maganar baki ba. Na ce masa ya yi hakan, amma fangalin Disamba ya zama ƙarami.